Malam Gambo da Muryar Ɗan Wanzami

A unguwar Hausari ta Yerwa, wato Maiduguri, aka haifi Malam Gambo, bayan 'yan tagwaye, kamar yadda sunan ya nuna. An ce Gambo ya fi tagwaye hatsabibanci, to shi wannan duk hatsabibancinsa a baki ya taru. Ubansa Bakano ne mai fataucin fatu, wanda ya zo Barno da niyyar damina ɗaya, har furfura ta riske shi bai koma ba. Mutum ne mai kawaici, yakan dubi yaron ya girgiza kai ya ce bai san inda ya gado wannan baki ba. Tun Gambo bai iya ɗaure mazagin wandonsa ba yake musu. In uwarsa ta ce gishiri ya ji a miya, ya ce bai ji ba. In ta ce to bai ji ba, ya ce ai kuwa ya ji har ya yi yawa. Ba gaskiya yake nema ba, so yake ya zama shi ne na ƙarshen rufe baki. Da wannan hali ya girma, da shi ya ci abinci, da shi kuma ya raba wani yaro Kashim da mahaifinsa, abin da har ya tsufa yana lissafawa cikin nasarorinsa.

Da aka kai shi makarantar boko, sai ya tarar da abin mamaki. Halin nan da ake dukansa a kansa a gida, ashe a wurin Turawa suna gare shi, muhawara, har da ƙararrawa da alƙalai da kofin azurfa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Lissafi bai shiga kansa ba, kimiyya ma sama-sama, amma in aka ce a tashi a yi magana, sai an ja shi ta riga. Ya tafi yamma makarantar horon malamai, ya dawo Yerwa 'yan shekaru bayan yaƙin duniya da keke sabo, da tabarau wanda idonsa bai buƙata, da jerin alƙaluma a aljihun gaba. Aka ba shi koyar da Turanci a wata makarantar kwana ta maza da ke bayan gari. Ya auri wata baiwar Allah, Saude, wadda cikin watan farko ta gano maganinsa. Ko me ya ce, sai ta ce, "Haka ne, Malam," ta ci gaba da abin da take yi. Shi kuwa ya riƙa gaya wa abokansa cewa tun da ya yi aure matarsa ba ta taɓa kayar da shi ba.

A ba shi haƙƙinsa, ya san sana'ar. Kowace Asabar bayan la'asar yakan tara yaran ƙungiyar muhawara a gindin darbejiya, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Muhawara murhu ce, duwatsunta uku," haka yakan fara. "Dutse na farko hankali. Ka kawo hujja, ka jera ta, ɗaya na bin ɗaya. Kada ta wuce uku, alƙali ba ya riƙe ta huɗu. Mai ƙarfi a farko, mai rauni a tsakiya inda ba za a lura da ita ba, wadda ta fi duka ƙarfi a ƙarshe. Dutse na biyu zuciya. Mutum ba ya tashi daga kujerarsa don ya gane, sai don ya ji zafi. Dutse na uku mutuncin mai magana, wato a ga ya cancanci a yarda da shi."

In wani yaro ya tambaya yaya ake samun na ukun, sai ya ce, "Guga. A goge riga, a wanke takalmi, a dubi mutum tsakiyar ido. Mutunci ke nan."

Kallon tsakiyar idon nan shi ya fi wahalar da yaran. 'Ya'yan Barebari ne yawancinsu, an rene su a kan in babba na magana ka sunkuyar da kai, ka rage murya, ka amsa da kalma ɗaya. Malam Gambo ya kira wannan tarbiyya ciwo, ya kuma ɗauki kansa likitanta. Ya koya musu yadda ake sauraron abokin karawa, ba don a fahimce shi ba, don a tsinci inda ya yi tuntuɓe. Ya koya musu in aka yi maka tambayar da ba ka da amsarta, ka yaba wa tambayar, sannan ka amsa wata. Ya hana su cewa "ban sani ba" kamar yadda ake hana yaro ashar.

Abin da ya fi so duka shi ne ƙuri'a. Sai ya rubuta ƙuduri a allo, a ce noma ya fi fatauci, ya cire hularsa zanna, ya zuba 'yan takardu biyu a ciki, ɗaya goyon baya, ɗaya adawa. Abin da ka zaro shi ne ra'ayinka har a kaɗa ƙararrawa. Wani yaro ya taɓa ce masa, "Malam, to in abin da na zaro ban yarda da shi ba fa?" Malam ya yi dariya har da dafa bishiya. "Wa ya tambayi yardarka? Lauya yana tambayar ɓarawo ko ya yi satar?" Ita wannan dabara ba laifi ba ce in an san wasa ake yi, tana buɗe kan yaro ya ga abu ta fuska biyu. Sai dai Malam Gambo shi a wurinsa duniyar ce gaba ɗaya hula da takardu biyu.

Abu ɗaya ya hana shi barci, kofin lardi. Kowace shekara makarantu kan kara, Baturen ilimi ya miƙa kofi ga wadda ta ci. Shekara da shekaru Malam Gambo na kai yaransa zagayen ƙarshe, wata makaranta daga duwatsun kudancin Barno tana zuwa a bayan babbar mota ta ɗauke kofin ta tafi. Kowace shekara kuma yana da bayani: alƙalai sun yi son kai, mai ƙararrawa ya yi gaggawa, zafi ya yi yawa.

Ana saura shekara guda a sami mulkin kai, Allah ya ba shi Kashim cikin ɗalibansa. Yaro ne dogo, siriri, mara yawan magana, amma in ya buɗe baki Turancinsa tas, muryarsa kuma irin wadda take sa mutum ya ajiye abin da ke hannunsa. Mahaifinsa Ba Aisami wanzami ne, yana da rumfa a gindin wata bishiya kusa da Kasuwar Litinin. Rabin mazan unguwarsu shi ya yi musu askin suna, shi ya yi musu kaciya. Mahaifiyar Kashim ta rasu, saura kuma babu, su biyu suka rage wa juna. Dangi sun hana a kai yaron boko, Ba Aisami ya toshe kunne ya kai shi. In an yi hutu, a akushi ɗaya suke ci, abin da dattawan unguwa ke yi masa tsiya a kai, wai ya mai da ɗa aboki. Kashim ba ya da wani abu a duniya da ya kai wannan tsoho.

Ƙudurin zagayen ƙarshe ya iso makonni kafin ranar: maganin asibiti ya fi maganin gargajiya amfani ga talaka. Aka yi ƙuri'a a ofishin Baturen ilimi, makarantar Malam Gambo ta zaro goyon baya. Wato ɗan wanzami shi zai soki aska da ƙaho. Babban mai maganar 'yan kudu kuwa, wani yaro Manasse, wanda uwarsa Agnes ke aiki a ɗakin shan magani, shi zai kare saiwa da ɓawon itace. Malam Gambo ya ga wannan abin dariya ne ƙwarai.

Kashim ya shirya hujjojinsa tsaf. Ya yi maganar allurar riga-kafin agana, ya yi maganar tsabtar kayan aiki, ya yi maganar awon magani. Ya karanta wa Malam a aji bayan an tashi.

"Ƙanzo!" in ji Malam. "Busasshen ƙanzo ka kawo mini. Hankali ya ƙoshi, zuciya fa? Kai da ka yi ƙuruciyarka kana ɗaukar wa wanzami zabira, ba ka taɓa ganin aiki ya ɓaci ba?"

Kashim ya sunkuyar da kai. "Baba gwani ne, Malam."

"Ban ce ba gwani ba ne. Ɗago ka dube ni. Gwani ba ya kuskure?"

"Kowa na yi, Malam."

"Madalla, ka yarda kowa na yi. Ubanka yana cikin kowa?"

"Yana ciki."

"To wanne ka gani?"

Haka ya riƙa jan yaron da ƙananan tambayoyi, kowace ba ta da amsa sai i, kamar yadda ake jan akuya zuwa mahauta da dusa. Kafin a kira magariba ya zaro abin da yake nema. Ashe Kashim ya taɓa yin ƙanwa, Kellu. Tana 'yar tatata ta kama tari da amai, aka ce beli ne. Ba Aisami ya cire mata, kamar yadda ya cire wa yaran da ba su ƙirguwa. Jini ya ƙi tsayawa. Ta rasu a hannunsa, Kashim na tsaye riƙe da ƙwarya. Ko askar ce, ko ciwon da ma na ajali ne, Allah kaɗai ya sani. Tsohon ya yi watanni bai taɓa zabira ba. Tun daga ranar ba a ƙara kiran sunanta a gidan ba.

Yaron na faɗa yana share ido da bayan hannu. Mutumin kirki da ya ji wannan sai ya ce Allah ya jiƙanta, ya nemi afuwar tono. Malam Gambo kuwa idonsa ƙyalli ya yi kamar na kura ta ga mushe.

"Wannan ita ce hujjarka ta uku," in ji shi.

Kashim ya ce ba zai iya ba. Sai Malam ya gyara tsayuwa. Shin abin ƙarya ne? A'a. Shin ɓoye gaskiya halin kirki ne? Shin in labarin ya ceci 'yar wani, ba sadaka ba ce ga Kellu? Ya kawo aya, ya kawo karin magana, ya kawo sunan makaranta da irin hidimar da ta yi masa. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai ina zai iya da wanda ya yi rayuwarsa kaf yana wannan? Da ya rasa mafita sai ya roƙi abu ɗaya.

"Malam, don Allah kada Baba ya zo. Kada a gayyace shi."

"Na yi maka alkawari," in ji Malam, har da dafa ƙirji.

Aka shiga gwaji. Malam ya rubuta masa labarin da Turanci mai daɗi, ya nuna masa inda zai sassauta murya, inda zai ɗaga hannu. "In ka ce Kellu, ka tsaya. Ka bar sunan ya zagaya ɗakin ya dawo, sannan ka ci gaba." Ya sa shi ya faɗa da safe, ya faɗa da yamma, ya faɗa wa bishiya, ya faɗa wa bango. A ranakun farko yaron ba ya kai ƙarshe sai murya ta shaƙe, Malam na ta murna. Amma komai zafin abu, in aka yi ta maimaita shi yakan huce. Ana saura mako guda Kashim na karanto mutuwar ƙanwarsa kamar hadda. Zuciyarsa ta yi kanta don ta kare kanta.

Hankalin Malam Gambo ya tashi. Rawar muryar nan ita ce kofin, ga ta kuma ta ɓace. Ya yi tsawa, ya yi lallashi, a banza. Yana kan kekensa zuwa gida, daidai Dandal, babban filin tsakiyar gari, dabara ta faɗo masa. Me zai dawo da rawar murya in ba ganin fuskar uban ba? Sai alkawarin ya tsaya masa a wuya, amma bai daɗe ba. Ya kafa wa kansa muhawara a kan keken. Na ɗaya, tsohon ba ya jin Turanci, don haka babu abin da zai cuce shi. Na biyu, hana uba ganin ɗaukakar ɗansa zalunci ne. Na uku, alkawarin da aka yi wa yaro don a kwantar masa da hankali ba alkawari ba ne, magani ne. Kafin ya isa ƙofar gida ya ci muhawarar, babu ko mai adawa.

Washegari ya je rumfar Ba Aisami, ya zauna a tabarma ya cire hula.

"Wushe, Malam, wushe, lale," in ji tsohon, yana rawar jiki don ganin malamin ɗansa. Ya wasa aska, ya jiƙa masa kai.

Ana aski Malam na zuba. "Ba Aisami, ɗanka zai tsaya gaban Turawa da manyan gari ranar Asabar ya yi magana. Duk lardin nan babu kamarsa. Ya kamata ka zo ka gani da idonka. Amma kada ka aika masa, so nake ya gan ka ba zato, ya ji daɗi."

Tsohon ya dakata da askar. "Ni, Malam? Irin wurin nan ana barin irinmu?"

"Ni na gayyace ka. Benci na gaba-gaba zan sa ka."

Ba Aisami ya ƙi karɓar ladan askin. Ya raka Malam har bakin hanya yana sa masa albarka.

Ranar Asabar babban ɗakin taro ya cika. Baturen ilimi da matarsa suna gaba, da alƙalai uku, da wasu manyan ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa. Ba Aisami ya zo tun ba a buɗe ƙofa ba, cikin babbar rigar da yake zuwa Idi da ita, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa ya riƙe a hannu. Malam Gambo ya zaunar da shi a layi na uku, daidai inda mai magana ba zai iya kauce wa ganinsa ba.

Aka kaɗa ƙararrawa. Masu magana na farko suka yi suka zauna. Aka kira Kashim. Ya tashi, ya ce, "Mista Ciyaman," ya ɗaga ido ya dubi jama'a kamar yadda aka koya masa, sai ga mahaifinsa yana yi masa murmushi, yana ɗaga masa dunƙulallen hannu. Yaron ya tsaya cak. Ya juya ya dubi Malam Gambo, Malam ya gyaɗa masa kai yana nuna agogo.

Yana iya barin hujja ta ukun. Daga baya ya sha tambayar kansa me ya sa bai bar ta ba. Amma an riga an kafa masa ita a harshe, kuma babu wata da ta zo masa da zai sa a gurbinta, ga ɗaki cike ana jiransa. Ya yi ta farko, ya yi ta biyu, bakinsa ya shiga ta uku da kansa. Ya ce Kellu, ya tsaya, ba don an ce ya tsaya ba, don numfashi ya ƙwace masa. Muryar ta yi rawa, rawar da ta fi wadda Malam ya yi oda. Matar Baturen ta ciro hankici. Malam Gambo na zaune a gefe, leɓɓansa na bin kalmomin, yana jin daɗi kamar mai shan fura da rana.

Da yaron ya gama, aka ɓarke da tafi. Ba Aisami ya ajiye takalmansa a cinya, ya tafa tare da kowa, har ya fi kowa daɗewa. Cikin duk Turancin nan kalma ɗaya tak ya gane.

Manasse ya tashi. An koya masa shi ma yadda ake rushe labarin mutum ɗaya, a ce ɗaya ba ya zama hujja a kan dubu. Ya dubi Kashim, ya dubi tsohon da ke layi na uku, ya karanta abin da ya shirya bai taɓa labarin ba, ya zauna. Alƙalai ba su daɗe ba. Baturen ilimi ya miƙa wa Kashim kofi, Malam Gambo ya riƙe kunne ɗaya na kofin har aka gama ɗaukar hoto.

A waje, ƙarƙashin bishiyoyi, mutane suka kewaye Malam ana yi masa barka. Ba Aisami ya kutsa a hankali ya rusuna.

"Malam, wushe da aiki. Allah ya biya ka. Tambaya gare ni. Na ji yaron ya kira Kellu. Me ya ce a kanta?"

Kashim na tsaye bayan mahaifinsa rungume da kofi. Ya dubi Malam, ya girgiza kai, idonsa na roƙo. Amsa mai sauƙi tana nan, a ce ya tuna da ita ne, Allah ya jiƙanta. Mutumin da ya koya wa yara yaba tambaya a amsa wata, ai wannan ba ta gagare shi ba. Sai dai Malam Gambo ya yini a zaune wasu na magana shi yana shiru, abin da ya fi masa zazzaɓi ciwo. Ga jama'a a tsaye, yawancinsu ba su ji Turancin ba, ga kuma jawabin da shi ya rubuta. Ya gyara tabarau, ya ja baya taku ɗaya don kowa ya gan shi.

Ya fassara shi kaf. Bai rage ƙwaryar ba, bai rage jinin ba. Da ya zo kan sunan ya tsaya, ya bar shi ya zagaya. Hausarsa ma ta fi Turancin kaifi, don a nan ne ya ƙara gishirin da alƙalai ba za su bari ba. "Hannun da ya ciyar da ni," ya ce, yana ɗaga nasa hannun, "shi ne hannun da ya riƙe askar da ta kashe ƙanwata!" Ya sauke hannu, ya dubi jama'a yana jiran tafi. Babu wanda ya motsa.

Ba Aisami ya sunkuyar da kai.

"A gaban mutanen nan duka ya faɗa?"

"Duka!" in ji Malam. "Ba ka ga Baturiya na kuka ba?"

"Ni kuma na tafa," in ji tsohon.

Sai a lokacin Malam ya lura fuskokin mutane sun canza. Ya yi sauri ya ɗauko abin da yake ganin zai gyara. "Haba, Ba Aisami, kada ka ɗauka da zafi. Wasa ne na makaranta. Ƙuri'a aka yi. Takarda biyu ake sawa, abin da ka zaro shi za ka kare. Da ɗaya takardar ya zaro, da yau yabon wanzamai za ka ji, har ka rasa inda za ka sa kanka."

Tsohon ya ɗago. Ya juya ya dubi ɗansa, kallo na farko tun da aka fito.

"Da na ce zafinta ne ya ci ka shekarun nan, ka kasa gaya mini," ya ce a hankali. "Da wannan ne, da na ɗauka, haƙƙinka ne. Ashe takarda ce."

"Baba..." in ji Kashim.

Ba Aisami ya sa takalmansa, ya yi wa Malam sallama yadda ya kamata, ya kama hanyar gari a ƙasa. Kashim ya dangwara kofin a ƙasa ya bi shi. Malam Gambo ya ɗauki kofin ya kaɗe masa rairayi, ya dubi malaman da ke gefe ya ce, "Ka ji fa. Wanzami ba ya son jarfa." Ya yi dariya shi kaɗai.

Tsohon bai zagi ɗansa ba, bai kore shi ba, bai ɗaga masa murya ba. Da ma ya yi, da ya fi sauƙi. Da Kashim ya zo hutu sai ya tarar an shimfiɗa masa sabuwar tabarma a zaure, an kawo masa abinci a kwanonsa shi kaɗai, da murfi. Uban ya gaishe shi da "Malam Kashim," ya tambaye shi hanya da gajiya, kamar baƙon da ake girmamawa. Kashim ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya yi bayani, ya sake yi. Tsohon yakan saurara har ƙarshe, ya ce, "Ka iya magana, Allah ya ƙara basira," ya ɗauki zabirarsa ya fita. Duk abin da yaron ya faɗa, uban ba shi da hanyar sanin ko daga zuciya ya fito ko daga hula. Kashim bai ƙara shiga muhawara ba. Da ya gama makaranta ya sami aikin akawu a Kaduna, inda abokan aikinsa suka san shi da mutumin da ba a jin bakinsa. Yakan zo da salla, a shimfiɗa masa tabarmar. Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri Ba Aisami ya kwanta ciwo, bai bari an aika wa ɗan ba, wai kada a ɗaga wa ma'aikaci hankali. Kashim ya iso an riga an dawo daga maƙabarta.

Malam Gambo kuwa lafiyarsa ƙalau. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ya ɗan taɓa siyasa, ya yi wa wata jam'iyya lacca a Dandal, da ta ƙi ba shi takara ya koma ya yi wa abokiyar hamayyarta da hujjoji uku, har duka biyun suka gane shi suka yar. Ya dawo ga allonsa. Ya yi ƙiba, ya gina gida a Bolori lokacin wurin duk gonaki ne, Saude na nan tana ce masa haka ne. Kofin bai sake dawowa makarantar ba, amma hoton na rataye a ɗakinsa, shi a tsakiya.

Kowace shekara in sababbin yara suka shiga ƙungiya, ya zo kan darasin zuciya, sai ya ba su labarin. Yakan kira shi hujja mai rai. Yakan nuna musu inda aka tsaya, da yadda aka ɗaga hannu, da yadda Baturiya ta ciro hankici, har da dabarar layi na uku, wadda yake alfahari da ita fiye da komai. Sunan yarinyar ya daɗe da ɓace masa. Wata shekara Falmata ce, wata shekara Gumsu, duk wanda ya zo bakinsa.

Wata Asabar, bayan an mai da Maiduguri babban birnin jiha, ya gama ba da labarin ke nan yana goge tabarau, sai wani yaro a baya ya ɗaga hannu.

"Malam, to uban ya yafe masa?"

Malam Gambo ya mai da tabaran, ya dubi yaron sama da ƙasa.

"Wannan ba ya cikin ƙuduri," ya ce. "Zauna. Wa zai zaro takarda?"